Shekarar da Na Hau Kalanda

Ban wuce shekara goma sha uku ba lokacin da na yi suna tun daga Funtuwa har Malumfashi, ni ko labari ban da shi.

Kakar auduga ce, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Na kai wa Baba abinci wurin awon auduga, sai wani mai hoto ɗan birni ya tare ni. Ya ce in tsaya jikin buhuna in yi murmushi, wai hoton manoma yake ɗauka saboda ci gaban ƙasa. Wa zai ƙi ci gaban ƙasa? Na tsaya da kwanon tuwo a ka, na yi masa.

Shekara na juyowa sai ga ni a kalandar wani kamfanin man shafawa. Kwanon tuwo ya ɓace, mayafina ma haka. An zizara mini jan baki, an wanke ni tas na koma fara, a ƙasa kuma an rubuta irin maganar da ake yi wa matan bariki. Ni da har lokacin gaɗa nake yi a dandali.

Kalandar ta shiga kantuna, ta shiga tasha, ta hau bangon mai shayi. Manyan gari suka yi tir ƙwarai. Saboda tsananin ɓacin rai, wasu sukan daɗe tsaye a gabanta suna duba kwanan wata, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Yaran mota suka laƙaba mini sunan man. In na wuce sai a yi shewa, in dawo gida ina kuka, Inna ta taya ni.

Baba mutum ne mai sanyi, amma ya ɗora ni a keke sai gaban alƙali. Alƙali ya karɓi kalandar ya dube ta a tsanake, don shari'a ba ta yiwuwa sai da hujja. Ya ce tabbas akwai dokar kare yara, mai ƙarfi kuwa, a Kaduna aka buga ta. Sai dai mai hoton ba a san garinsu ba, kamfanin kuma yana Ikko, inda hannun kotunsa bai kai ba. Daga nan ya juyo kaina.

"Ke yarinya, dole aka yi miki kika yi murmushin?"

Na ce a'a.

Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, yarinya ce fa. Tuwo ta kawo mini."

Alƙali ya ce ai shi ya sa ya kamata a riƙa sa mata ido. Haka dai doka ta yi nasarar kama mutum guda, wato ni. Aka hana ni kasuwa, aka hana ni dandali, makaranta ma sai da rakiya.

Baba ya bi kantuna yana roƙo a sauke kalandar. Inda aka ce masa ana bukatar kwanan wata, sai ya zaro wuƙa ya yanke hoton ya bar musu kwanakinsu. Wasu suka ce ya cika zafin kai.

Da shekara ta ƙare aka kawo sabuwar kalanda da wata yarinya, an ce daga wajen Musawa take. Gari ya kwashe tir ɗinsa ya koma kanta, ni kuma na samu na sha iska. An ce mahaifinta bai kai ƙara ko'ina ba, don labarin shari'armu ya riga ya iske shi.