Anti Juya, Idon da Likitoci Ke Aro

Kafin bakwai na safe za ka same ta a ɗakin sikanin, wato ɗaukar hoton cikin jiki, da ke ƙarshen barandar asibiti. Ta sauke labule, ta tsoma robar man shafawa a ruwan ɗumi, don kada sanyinsa ya firgita cikin mutum. Masu hoton maɗaciya take fara kira, domin da yunwa suke zuwa. "Waɗanda ba su karya ba su matso, kafin su cinye mini benci!" Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, ƙarshen watan nan kuma za ta yi ritaya.

Anti Juya kowa ke ce mata, don kalmar ba ta barin bakinta. Ni ganau ce. Mahaifiyata muka kai mata da takardar wani asibiti, an rubuta ƙari a maɗaciya, ana zargin kansa, wato ciwon daji. Inna har ta fara rabon zannuwanta. Anti ta ɗora na'ura ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Inna, ɗan juya hagu." Ta yi ta jan ta da hira, can sai ta nuna mini allon. Dunƙulen yana zamewa a hankali kamar laka.

"Kin gani? Ƙari manne yake, ba ya yawo. Jini ma ba ya shiga wannan. Ruwan maɗaciya ne ya yi kauri. Inna, a je a karɓo zannuwa."

Likita ya duba ya tabbatar. Shekara tara ke nan, Inna tana nan tana mana faɗa.

Ba kullum ake dariya a ɗakin ba. Wani tela ya zo, tsiron da ke maɗaciyarsa bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Sabon likita ya ce a dawo baɗi. Anti ta bi shi ofis da hoton a hannu.

"Likita, dubi gindinsa, mai faɗi ne. Bangon wurin ya yi kauri, ga jini yana gudu a ciki. Hukunci naka ne, amma wannan ba na jiran baɗi ba ne."

Ya sake kallo, ya tura shi tiyata. Gwaji ya nuna kansa ce, ba ta kai ga hanta ba. Telan da bakinsa ya ba ni labari, ƙafarsa na kan keken ɗinki.

Anti, ke ce ba ki taɓa tsorata mai lafiya ba, ba ki kuma rarrashi mai ciwo da ƙarya ba. Wuƙar tiyata tana hannun wasu, godiya ma can take tafiya, ke kuwa sai ki goge na'ura ki ce na gaba ya shigo. To yau taki ce. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Ku da za ku gaji kujerarta, kada tsawon layi ya sa ku gaggawa. Duk wanda ya kwanta a gabanku, gida guda ne ke zaune a waje yana jiran abin da za ku faɗa.