Lokacin da Na Daina Tsokanar Taubashina

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a Madabo aka aurar da ita, 'yan lunguna kaɗan daga gidanmu. Ɗanta na fari shi ne taubashina. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando na san bawana ne, shi kuma tun lokacin ya rantse ba zai taɓa yarda ba. A haka muka girma, muka yi aure, muka tara iyali, ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. In na hango shi sai in ce ga zanƙalelen tela mai ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Shi kuma ya dubi sanƙona ya ce a taimaka a kawo kuɓewa a shanya kafin rana ta faɗi. Baƙo in ya ji mu sai ya tashi rabon faɗa, 'yan unguwa kuwa ko waiwaye ba sa yi.

A lungunsu akwai dakalin wani dattijo da muke kira Alhaji, inda maza suke ciyayya bayan Magariba. Kowane gida ya fito da kwanonsa, a haɗa a ci tare. Ni ba ɗan lungun ba ne, amma in na rufe rumfata ta turare a kasuwa can nake zarcewa, saboda miyar matar taubashina ta fi ta gidana, kuma na sha faɗa a gaban kowa. Mu biyu ne gishirin wajen. Alhaji yakan ce in ɗayanmu bai zo ba tuwon ba ya wucewa.

Shekarar da abin ya same shi ba wanda ya rasu, ba a yi gobara ba, ɗinki ma yana samu har yana mayar da wani. Wannan ne ya ruɗa mu. Abin da na fara lura da shi, na jefa masa magana bai rama ba. Na yi ta murna, na ce yau bawa ya san ubangidansa. Washegari ma haka. Daga nan sai ya yi loma kaɗan ya tsame hannu, ya zauna yana kallon ƙasa. Sai ya fara fashin zuwa, sai ya daina gaba ɗaya. Shagonsa ya zauna a rufe, keken ɗinkin an lulluɓe shi da tsohon zani. Matarsa ta ce wa matata a bakin gado yake wuni, barci ya ƙaurace masa, wani lokacin ta ga hawaye na bin fuskarsa, in ta tambaya ya ce shi ma bai sani ba.

Majalisa ta zauna a kan maganar, kuma ba a jima ba aka samo mai laifi. Alhaji ya nuna ni da ɗan yatsa ya ce, “Bakinka ne. Wasa ma yana da iyaka. Wa ya sani ko wata maganar ce ta tsaya masa a rai.”

Raina ya ɓaci, don na san abin da nake faɗa masa bai kai rabin abin da yake faɗa mini ba. Amma washegari Gwaggo ta aika a kira ni. Ita ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce ɗan'uwanka. Ta ce, “Ka raga wa ɗan'uwanka. Yanzu ba lokacin wasa ba ne. Ka lallaɓa shi kamar yadda kowa yake yi.” Idonta ya yi ja, ni kuma ba a yi ranar da zan yi musu da Gwaggo ba. Na ce to.

Haka muka mayar da shi majinyaci sosai. Maza suna shiga dubiya, a cire takalmi a hankali, a yi ƙasa da murya, a ce Allah ya ƙara sauƙi, a ɗan taɓa zama a fito. Ni ma na bi sahu. Na shiga soron da aka shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa, na ce, “Malam, ya ƙarfin jiki?” Ya ɗago kai ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya juya fuskarsa bango. Na ɗauka ciwon ne. Na fito ina yaba wa kaina, wai ni ma na iya ladabi.

An yi rubutu, an yi tofi, an yi sauka. Masu cewa iska ce sun faɗa, masu cewa wani tela ne ya yi masa jifa su ma sun faɗa, har da masu kawo sunan wanda suke zargi, mutumin da bai ji ba bai gani ba. Waɗannan su suka fi ba ni haushi. Addu'a kam mun riƙe ta, har gobe. Wata maƙwabciyarsu mai aikin asibiti ce ta ja matarsa gefe ta ce a haɗa da likitan ƙwaƙwalwa. Gwaggo ta ƙi da farko. Ta ce yana da 'ya'ya mata, in maganar ta fita wa zai zo neman aure gidan da aka ce uban ya taɓu. Sai da mahaifina ya sa baki ta yarda, da sharaɗin kada a tsayar da adaidaita sahu a bakin lungu. Muka taka har titi, ni da shi, kamar masu zuwa sayen yadi.

Likitan mutum ne mai haƙuri. Ya saurare shi, ya yi masa tambayoyi, sannan ya ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai kuɗi da talaka, mai ibada da marar yi, kuma yana da magani, sai dai ba ya son gaggawa. Aka fara shan magani. Barci ya dawo kaɗan kaɗan, yana ɗan taɓa abinci. Amma mutumin da na sani bai dawo ba. Kullum na je na durƙusa na yi gaisuwata ta ladabi, shi kuma ya amsa da kai. Tsoro ya fara kama ni, tsoron cewa haka zai ƙare rayuwarsa a soro, yana raye amma ba ya cikinmu.

Wata rana da hantsi muna dawowa daga ganin likita, mun sauka a titi mun shigo lungu, ya ce ƙafarsa ta gaji. Ya zauna a wani dakali a inuwar katanga, ni ina tsaye riƙe da ledar magani. Lungun ba kowa sai wata akuya. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “In tambaye ka mana. Likitan nan ya keɓe da kai ya gaya maka wani abu ne?”

Na ce, “Wane irin abu?”

“Cewa na haukace. Ko kuma ba zan tashi ba.”

“Subhanallahi. Wa ya gaya maka haka?”

Ya ce, “Kai ne.”

Ya ci gaba a hankali, yana yi yana hutawa. “Tun da muke da kai, ka taɓa ce mini Malam? Kowa ya shigo yana magana ƙasa ƙasa, na ce su da ma haka suke. Ran da ka durƙusa a gabana ka ce ya ƙarfin jiki, na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. In dai wannan marar kunyar ya fara jin kunyata, to abin da ya rage a haɗa ruwan wanka.” Ya ƙara da cewa, “Akwai safiyar da nake farkawa in ji da ma ban farka ba. In ka shigo da ladabin nan naka sai in ce to, su ma sun shirya.”

Duk unguwa mun haɗu mun yi abin da muka sani na kirki, ashe shi a wajensa zaman makoki muke yi masa yana ji yana gani. Na rantse masa likita bai gaya mini komai a ɓoye ba, na ce kuma maganar safiyar nan sai mun gaya wa likitan, ko ya so ko bai so ba. Ya gyaɗa kai. Sai na tsaya neman abin da zan tsokane shi da shi, ni da bakina ba ya rasa magana, na ji harshena ya yi nauyi. Ba ƙaramin abu ba ne ka yi wa mutum ba'a alhali kana ƙirga ƙasusuwan wuyansa. Da ƙyar na ce, “Da ma can ba nama gare ka ba, yanzu kuwa tsumagiya ma ta fi ka ƙiba. Tashi mu tafi, ina aka taɓa ganin bawa a zaune ubangidansa a tsaye.”

Bai yi dariya ba, ko murmushi bai yi ba. Ajiyar zuciya kawai ya yi mai tsawo, ya dafa katanga ya miƙe.

Daga ranar na canja. Ana yin La'asar nake rufe rumfa in nufi Madabo. Tun daga bakin ƙofa nake ɗaga murya in ce ina ragon telan nan, jama'ar gari sun huta da gurguwar riga. In shiga in zauna in zuba masa duk abin da ya zo bakina, in ba shi labarin kasuwa, in cinye rabin abincinsa. Ba ya ramawa. Wata ranar ma ba ya ko kallona. In na gaji sai in yi shiru mu zauna haka har a kira Magariba. Akwai ranakun da na fito ina tambayar kaina ko cutar da shi nake yi.

Alhaji ya tare ni ya ce ba ni da tausayi. Gwaggo kuwa da ta zo ta tarar ina kiran ɗanta tsumagiya, saura kaɗan ta jefe ni da mafici. Matarsa ce ta cece ni, mace mai kunya da ban taɓa jin ta yi magana a gaban surukarta ba. Daga bayan labule ta ce, “Inna, ku yi haƙuri ku bar shi. Ranar da ya zo ya yi wannan shirmen nasa ce kawai maigidan yake cinye abin da na zuba masa.” Gwaggo ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta ja mayafinta ta shige ciki. Ba ta sake hana ni ba.

An ɗauki watanni a haka, ga magani, ga zuwa asibiti, ga ni. Likita ya canja masa ƙwaya sau ɗaya bayan mun gaya masa maganar safiyar nan. Ya fara fitowa masallaci. Wata rana na zo da wata rigata da ta yage a gefe, na jefa masa a cinya na ce riƙe mini, wajen tela na gaske zan kai ta in na tashi. Ya ɗauka, ya juya ta, ya bi ɗinkin da yatsa.

Ya ce, “Wane ne ya ɗinka wannan?”

Na ce, “Kai ne mana, wa zai yi wannan aika-aikar in ba kai ba.”

Ya ƙara dubawa. Sannan ya ce, “Ɗinkin ba shi da laifi. Tumbin nan naka ko buhu aka zura masa sai ya farka shi.”

Na buɗe baki zan yi dariya, sai kuka ya zo mini. Ƙato da ni, da furfura a gemu, ina zaune a soron mutane ina share hawaye da hula. Ya dube ni ya ce, “Ji banza. In mun koma asibiti sai a rubuta maka naka maganin.” Ya miƙa hannu ya yaye zanin da ke kan akwatin zare, ya ce in miƙo masa allura.

Ba zan ce ya warke sarai ba, don ba haka ba ne. Ya koma shago, ya koma dakalin Alhaji, an aurar da babbar 'yarsa lafiya. Amma har yau yana shan maganinsa, kuma ciwon yakan leƙo, ya yi kwanaki ya tafi. Ba mu taɓa zama mun tsara ba, sai dai mun san yadda muke yi. In na iso, da tsokana nake sallama. In ya rama, na san gari lafiya, in wuce harkata. In bai rama ba, ba na tambayarsa me ke damunsa, ba na kuma yin ƙasa da murya.

Makon jiya na biya shagonsa da rana, na ce ashe har yanzu akwai marasa rabon da suke kawo maka yadinsu. Ƙafarsa tana kan keke amma keken ba ya juyawa. Bai ɗago ba. Duk yawan ganinsa a haka, ban taɓa sabawa ba. Na kira maƙwabcin rumfata a waya na ce ya rufe mini, yau ba zan dawo ba. Na jawo benci na zauna kusa da shi, na ce matsa mini, ƙashinka yana sukana. Ya matsa. Muna nan zaune har aka kira La'asar, sannan na riƙo hannunsa muka tafi masallaci.