Kanti Biyu, Murya Ɗaya

Sai da na haura shekara hamsin na koma hawan keke, kuma ba don sha'awa ba. Likita ne ya auna ni ya ce jinina ya hau, in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Na ce masa ai kusan kullum ina zuwa gona. Ya ce da me nake zuwa? Na ce da babur. Ya ce to babur ɗin ne yake motsa jiki, ba ni ba.

Ina da 'yar gonar shinkafa a fadama ta kan hanyar Auyo, wadda nake leƙawa in na taso daga makarantar da nake koyarwa a Haɗeja. Sai na je Kano na sayo keken gwanjo mai giya, marar nauyi, wanda za ka ɗaga da hannu ɗaya. Abin da ban lura da shi ba, ƙafarsa ta fi ta kekunan da muka saba gani girma. Hanyar fadama kuwa ba ta rabo da ƙaya. Akwai wani dattijo mai gyaran keke a bakin layinmu, ƙarƙashin bishiyar maina, kowa Baba yake ce masa. Ya yi ta liƙa mini faci, har ran nan ya juya tayar a hannunsa ya girgiza kai.

"Malam, wannan ta gama aiki. Kuma kada ka wahalar da kanka, kaf kasuwar garin nan babu irinta."

Na wahalar da kaina duk da haka, ban kuwa samu ba. Matata ce ta fitar da ni. Tana sayar da atamfa da mayafai a gida, yawancin kayanta ta waya take yin odarsu. Ta ce, "Malam, in ana sayar da mayafi a waya, me zai hana a sayar da taya?" Muka zauna muka duba tare, sai ga kantuna biyu na intanet, ba abin da suke sayarwa sai keke da kayansa. Ɗaya shafinsa kore ne, yana Kano. Ɗaya ruwan goro, yana Ikko.

Na fara da koren, don na ga lambar waya a jiki. Wata mata ce ta ɗauka. Ina tsammanin za ta ce in turo kuɗi, sai na ji ta ce, "Malam, wace irin hanya kake bi da keken?"

Na ce ta fadama.

"Laka ko yashi?"

"Duka biyun. Da ƙaya."

Ta ce to kada in ɗauki wadda na nuna, ta kwalta ce. Akwai wata mai kaurin baya, ta fi nauyi kaɗan, amma ƙaya ba ta cika huda ta ba. Ta sa na karanta mata lambobin jikin tsohuwar tayar. Ba a yi mako ba direban motar Kano ya kira ni daga tasha, na je na karɓi ƙunshi an naɗe shi da koren salatif. Tayar ta zauna daram, Baba kuma ya daɗe bai ga fuskata da faci ba.

Na ruwan goron ba a magana da kowa. Ka taɓa hoto, ka biya, saƙon Turanci ya shigo. Amma kayansu sun fi araha, sun kuma fi yawa. A nan na fara lura da abin da ya zame mini abin kallo. In ruwan goro ya rage farashin sarƙa, ba a daɗewa kore zai rage. In kore ya ce ya yafe kuɗin mota ga wanda ya sayi taya biyu, sai ruwan goro ya ce shi ko ɗaya ka saya ya yafe. Ban taɓa ganin masu kantunan nan ba, ban san ko sun san juna ba, amma ina kwance a tabarma bayan la'asar ina kallon suna ja-in-ja a tafin hannuna. Wani lokaci ba abin da nake son saye, ina dai buɗewa ne in ga wa ya motsa.

Na kuma koyi cin moriyar abin. Sai in kira matar nan in ce, "Malama, na ga robar birkin nan a wancan kantin, tasu ta fi sauƙi."

Ta kan yi dariya ta ce, "Bari in yi wa maigida magana." Wani lokaci a rage, wani lokaci ta ce ba zai yiwu ba, amma in na buɗe ƙunshin sai in tarar da ƙararrawa ko ledar faci a ciki.

Kafin shekara ta zagayo na zama ɗan aiken Baba. Kekunan gwanjo sun fara yawa a gari: akwai wani ma'aikacin asibiti, da wani mai sarin kifi da ke zagaya ƙauyukan bakin kogi, da wasu malamai 'yan'uwana. Duk wanda ya kawo wa Baba abin da babu a kasuwa, sai ya ce a jira Malam ya taso. In zauna a bencinsa in nuna masa hotuna, ya kanne ido ɗaya ya ce, "Ba wannan ba, haƙoranta sun yi yawa." Ya kan tambaye ni, "Yau wa ya kayar da wani, koren ko na goron?"

Shekarar da ruwa ya yi yawa, kogi ya cika ya shafe gonata, kwale-kwale ne kawai ke shiga fadama, na jingine keken na kusan wata biyu ban duba waya don shi ba. Da ruwa ya janye, sarƙar ta yi tsatsa, na buɗe kantunan biyu kamar yadda na saba. Farashin sarƙa ɗaya ne a duka biyun. Na ce wataƙila dacewa ce. Na duba birki, ɗaya. Na duba sirdi, ɗaya. Har hoton ma iri ɗaya ne, da inuwar hannun mai ɗaukar hoton a gefe guda. Na nuna wa matata, ta ce ƙila wani ya kwafi hoton wani, ai ita ma ana kwafar nata.

Na saya a ruwan goro. Sarƙar da suka aiko ta yi gajarta. A jikin ƙunshin na ga lambar waya, abin da ba su taɓa sawa ba. Na kira, aka ɗauka da sallama, sai na ji murya da na sani.

Na ce, "Malama, ki yi haƙuri, na yi kuskuren lamba. Ɗaya kantin nake nema."

"Ba ka yi kuskure ba, Malam. Mu ne."

"Ku ne wa?"

"Mu ne su. An haɗe."

Na ce yaya aka yi? Ta ce na Ikko ne suka saye na Kano tun da damina, amma an bar kowane shafi da sunansa da launinsa, saboda kowanne yana da mutanen da suka saba da shi. Na ce me ya sa ba a sanar ba? Ta ce an sanar, yana can ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Na ce to yanzu in na ce miki na ga abu da sauƙi a wancan kantin fa? Ta yi 'yar dariya, ta ce, "Sai in ce maka ni na rubuta farashin can ɗin ma."

Ba zan ce komai ya lalace ba. Gajeriyar sarƙar nan, cikin sauƙi aka canza mini ita, abin da da sai an yi ta aika saƙo Ikko ana jira. Kaya suka riƙa isowa da wuri, don yanzu komai daga Kano yake tasowa. Amma farashi ya daina motsi ƙasa. Kuɗin mota ya dawo a duka biyun rana ɗaya. Ƙararrawa da ledar faci suka ɗauke. Ranar da na nemi tayata mai kaurin baya, sai na ga babu ita a kore, babu a ruwan goro. Matar ta ce an tace kayan, duk abin da ba ya fita da sauri an daina kawo shi. Masu sayenta ba su da yawa, kuma yawancinsu irinmu ne na bakin fadama.

Baba bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce, "In masu awon shinkafa biyu suka zama surukai, ai manomi ya san sauran." Ni kuwa abin bai bar raina ba. Ba haushi nake ji ba sosai, so nake in gane. Me zai sa mutumin da ke da ciniki ya sayar da kantinsa ga wanda yake gasa da shi?

Da na je Kano ɗaurin auren ɗan wani abokina, na kira ta na ce ina so in zo in ga wurin da idona. Ta kwatanta mini. Wani dogon sito ne a bayan wata ma'aikata da ta daina aiki, tayoyi a rataye har rufi, ƙamshin sabuwar roba ya cika ko'ina. Ita kuma ba yarinya ba ce kamar yadda na zata, ta kai sa'ar ƙanwata, da tabarau da waya biyu a gabanta. A kan teburin da ake ɗaure kaya na ga salatif biyu a ajiye kusa da juna, kore da ruwan goro. Mai ɗaurin ya kan dubi takardar oda, ya miƙa hannu kan shiryayye ɗaya ya ɗauko kaya, sannan ya zaɓi launi. Na tsaya ina kallo har ta ce in zauna.

Na yi mata tambayata. Ta ce, "Malam, gasar nan da kake jin daɗin kallo, mu a nan ba daɗi muke ji ba." Ta ce duk kayan nan daga waje ake shigo da su, canjin dala kuma kullum hawa yake. Tsohon maigidanta ba ya iya cika kwantena shi kaɗai, sai ya saya a hannun wasu, alhali na Ikko kai tsaye suke saukewa. Duk ragin da yake yi don ya bi sawunsu, daga jikinsa yake yanka. Ta ce da bai sayar ba, da rufewa zai yi.

"Wato ko an haɗe ko ba a haɗe ba, kanti ɗaya za a wayi gari da shi?"

"Ƙila. Amma da ya rufe, da yanzu ina gida."

"Shi tsohon maigidan yana ina?"

"Ya koma sayar da kayan sola."

Na tambaye ta ko akwai hukumar da ke duba irin wannan haɗewa. Ta ce ta ji ana cewa akwai, amma ita dai ba ta san ko ƙananan kantuna irin nasu sun kai a dube su ba. Na ce to me zai hana su tsawwala yadda suka ga dama? Ta ce abu ɗaya ta ga sabon maigidan yana tsoro, kada mutane su gaji su nemi wata hanya.

A mota ina dawowa na yi ta juya wannan magana. Da na isa na ba Baba labari, mai sarin kifi yana zaune ana ɗaure masa birki. Shi ne ya ce yana da aboki a garin Malam Madori, wanda ƙaninsa ke sauke kekunan gwanjo daga kan iyaka, kuma a cikin kayan akan samu tayoyi da sarƙoƙi masu sauran rai. Muka buɗe zaure a waya, mu masu irin waɗannan kekuna, kowa ya faɗi abin da yake buƙata, muka haɗa oda guda. Kayan suka zo a buhu, ba launi ba salatif. Wasu sun yi kyau, wasu Baba ya jefar gefe ya ce ko kyauta ba ya so, kuma babu wanda za ka kira ya canza maka.

Bayan 'yan makonni sai ga kiran matar nan. Ta ce ta ga odar Haɗeja ta yi ƙasa, lafiya? Na gaya mata gaskiya. Ta ce to, ta gode, ta kashe. Ba a daɗe ba aka rubuta a shafukan biyu cewa an yafe kuɗin mota ga garuruwan Jigawa.

Ma'aikacin asibitin ya ce mu ne muka girgiza su. Matata ta ce mu nawa ne da za mu girgiza kamfani, lokacin ne dai canji ya ɗan sauka, ita ma an rage mata kuɗin atamfa. Na so in kira in tambaya, sai na ga ko na tambaya ba lallai ita ma ta sani ba. Muka raba odar gaba gida biyu: abin da ke buƙatar sabo, kamar birki, aka saya a wurinsu, sauran aka aika Malam Madori. Da kayan Malam Madori suka iso, Baba ya karɓi nasa ya zazzage a kan buhu, ya fara ware masu kyau.