Ƙofofin Ɗakin Shigeno

Ranar Talata, tara ga Disamba, da hantsi, yayanki Tokuji ya kira ni ya ce, "Shigeno ta rasu." Shekararki hamsin da takwas, talatin daga ciki a ɗakin baya kika yi su, ana gaya wa maƙwabta wai kina aiki a birnin Osaka. A garinmu gara a ce mutum ya yi nisa da a ce yana da taɓin hankali.

Ni ƙawarki na san ba ki je ko'ina ba, don ni ke kawo miki tawada a ɓoye. Da 'yan gidanku suka hana ki takarda, wai zane ke tayar miki da ciwon, sai kika koma zane a jikin ƙofofin ɗakin, waɗanda aka manne da farar takarda. Fuskokin da ke bayyana miki kike zanawa, ɗaruruwa, kowacce baki a rufe. Na taɓa tambayarki dalili, kika kwashe da dariya. "Ke dai Fumie kanki da duhu! 'Yan gidanmu ne fa, yaushe suka iya magana?" Ranar da na rasa mijina, ke da ba kya fita, kika tako cikin dusar ƙanƙara ba takalmi, kika zauna kusa da ni har yamma.

Duk ƙarshen shekara, kamar kowane gida, sai a yage tsohuwar takardar ƙofa a manna sabuwa. Haka aikinki na shekara guda ke ƙarewa a murhu. Ba ki taɓa hanawa ba, don ba a raine mu da musu ba. Bana kaɗai kika roƙe ni: "Fumie, ki zo ki ɓamɓare waɗannan kafin Yaya ya kawo ruwa da soso. Ina so wani ya gani."

Na ce sai na gama share-sharen gidana. Washegarin rasuwarki na isa, na tarar da ƙofofin fari fat. Tokuji ya sunkuyar da kai ya ce, "Masu gaisuwa za su shigo, ai ba ma bari su ga wannan." Ni ma na yi nawa laifin, tunda ban zo a kan lokaci ba. Shekara talatin kina zane, yau babu ko guntu da zan ɗaga in ce ga aikin Shigeno. Da wannan baƙin cikin zan mutu.

Ubangiji ya yi miki rahama, ya ba ki hutun da ba ki samu a duniya ba. Ya ba Tokuji da iyalinsa haƙurin rashi. Ni kuwa, Shigeno, ki yafe mini.