Tsinken Baba Ilu

Salamu alaikum, abokan rumfa. Wata huɗu ba ku ji ɗuriyata ba, har an ce na bi jirgin ƙasa Ikko. Ina nan Dukawuya a kan tabarma. Kurkunu ne.

Da ƙaiƙayi ya fara a idon sawu, sai bororo, sai zugi kamar an ɗora garwashi. Ran da ya fashe, ga farin zare ya leƙo.

Aka kira Baba Ilu wanzami. Ya naɗe kan tsutsar a tsinke, ya murza kaɗan, ya ɗaure da ƙyalle.

Ya ce, "Kullum gaɓar yatsa ɗaya. In ta turje, ka tsaya. In ta tsinke a ciki, ka nemi sanda."

Ga kakar gyaɗa ta kama. Ina kwance ina jin kukan jirgi, hankalina yana bakin sikeli. Kun san ni: ko a sahu, liman yana Fatiha, ni ina ciniki.

Rana ta shida na kwance ƙyallen da kaina. Hannu yana murzawa, zuciya tana kasuwa. Ban ma ji sa'ad da ta turje ba.

Ta tsinke.

Ƙafa ta kumbura kamar turmi, zazzaɓi kwana tara. A asibitin Nasara aka tsaga, aka matse. Likita ya shata layi da yatsa a ƙasan gwiwata, tafinta ya ƙi fassarawa. Na gane.

Allah ya sa ba a yanke ba. Amma kafin in miƙe, wata tsutsar ta leƙo a ɗaya ƙafar.

Baba Ilu ya miƙo mini tsinke. "Kai za ka murza, sarkin sauri. Amma ka dawo gida tukuna."

"Baba, ai a gida nake."

"Gangar jikinka dai."

Kwana ashirin da uku. In yi bisimilla, in murza, in saurara. Zuciya ta sulale kasuwar Kurmi, in kamo ta, ta sake sulalewa. A hankali yatsuna suka fara sanin lokacin da tsutsar ke sakin jiki.

Ran da wutsiyar ta fito, na yi azahar a zaune. Wallahi tun da na balaga, ranar na fara sallamewa ina sane da kowace raka'a.

Na gode wa Allah, da Baba Ilu, da uwargidana da ta sha masifata.

Ku riƙa tace ruwan kududdufi. In kurkunu ya fito, kada ku ja. In kun tada kabbara, ku duba ko kuna nan.

Tawa zuciyar har yau takan gudu. Shi ya sa tsinken yake aljihuna.