Sallama Daga Bayan Bango

Mahaifina bai taɓa cewa wasan kwaikwayo haramun ne ba. Abin da ya ce ya fi wannan ciwo: "Aikin banza ne." Malami ne, yana ba da karatu a zauren gidanmu da ke unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya. Ni ne ɗansa na fari, don haka maganarmu ba ta wuce gaisuwa da aike, ko sunana ba ya faɗa. In yana nemana sai ya ce, "Ina wannan?" kowa kuma ya san wane ne wannan.

Ina ajin ƙarshe a sakandare na faɗa harkar wasan kwaikwayo, na kuma faɗa har wuya, har na ƙudurta shi zan karanta a jami'a. Ban iya tunkararsa ba, sai na bi ta hannun mahaifiyata. Amsar da ta kawo mini gajeriya ce: zai zo ya ga wasan da za mu yi ranar rabon kyaututtuka. In ya ga abin kirki, to. In kuwa shirme ne, in ajiye maganar, kada ya sake jin ta.

Malaminmu na Hausa shi ke shirya mu. Siririn mutum ne mai saurin fushi da saurin hucewa, bai daɗe da gama jami'a ba. Kullum sai ya lissafa mana da yatsu: labari, 'yan wasa, zance, dandamali, 'yan kallo. Ya ce in ɗaya ya ɓace, sauran hayaniya ce kawai. Ya sha wuya da mu, domin abin da aka koya mana a gida shi yake so mu bari a bakin ƙofa. A gida an ce ka sunkuyar da kai gaban babba, ka sassauta murya. Shi kuwa ya ce ɗaga kai, buɗe baki, har na bencin ƙarshe ya ji ka.

Amma babban abinsa shi ne bango na huɗu. Wai ɗakin da muke wasa a ciki yana da bango uku da ake gani, na huɗun yana tsakaninmu da 'yan kallo, ba a ganinsa. Su suna leƙenmu, mu ba mu san da zamansu ba. Wannan bangon ne mutanen birnin Zariya suka ƙi yarda da shi. A wasanmu na zangon baya, duk ɗan wasan da ya shigo ya yi sallama, sai ɗakin taro ya amsa gaba ɗaya, har da "wa barakatuhu", wanda aka yi wa sallamar ma ba a jin muryarsa. Malam ya kusa cire hularsa ya taka.

Saboda haka ranar rabon kyaututtukan, kafin a ja labule, ya fito ya ce, "Iyayenmu, don Allah, sallamar da za ku ji ba taku ba ce. Akwai bango tsakaninku da su. Ku bar su su amsa kayansu." Aka ɗan yi gunaguni, amma aka yarda. Ta gefen labulen, wanda zanen gado ne, na hango mahaifina a layi na biyu, hannunsa a kan sandarsa, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

Labarin na wani saurayi ne da ya yi wa ubansa rashin kunya ya bar gida, bayan shekaru ya dawo neman gafara. Ni ne saurayin. Uban kuma wani abokina ne mai ƙatuwar murya, an liƙa masa gemun auduga da ƙaro. Komai ya tafi daidai har fitowar ƙarshe. Na hau dandamalin, tebura ne aka haɗa aka shimfiɗa musu tabarma, na tsaya inda muka ce nan ne ƙofar zaure.

"Salamu alaikum."

Shiru. Ashe gumi ya sa gemun ya zame, abokina yana can bayan labule yana fama da shi, ya rantse ba zai fito da haɓa tsirara ba. Na sake yin sallama, na ɗaga murya yadda Malam ya koya mana. 'Yan kallon nan da ba su taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba, yau sun zama masu biyayya. Ina ganin leɓunan wasu tsofaffi suna motsi, suna amsawa a ɓoye.

Kowa a ɗakin ya san ƙa'ida: sallama uku ce, in ba a amsa ba ka juya. In na juya wasan ya mutu, maganar jami'a ta bi shi. Na yi ta uku.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Shigo mana."

Daga layi na biyu ta fito. Muryar da nake ji kullum daga zaurenmu ce, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ban san lokacin da na juyo na fuskanci 'yan kallo ba. Na cire takalmi, na durƙusa a bakin tebur, na faɗi abin da na haddace: "Baba, na dawo. Na san ban kyauta ba. Ka yafe mini." Ban taɓa yi wa mahaifina magana mai tsawon wannan ina kallon fuskarsa ba. Hawayen da Malam ya yi wata guda yana nema a wurina bai samu ba, suka zo da kansu.

Sai ga abokina ya faɗo, hannu ɗaya riƙe da gemu, ya yafe mini da gudu-gudu. Aka yi dariya, aka yi tafi. Malam yana gefe, ya rasa ko fushi zai yi ko murna.

Muka taho gida da azahar, yana gaba ina bayansa, kamar kullum. Haka muka yi ta tafiya har muka shigo lungunmu. Sannan ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Malamin nan naku ya ce akwai bango."

"E, Baba, haka ake koyarwa."

"To, in ban da abinsa, ai daga bayan bango ake amsa sallama."

Na ce haka ne. Ya ɗan taka, ya sake tsayawa.

"In ka je can jami'ar, ka ce su riƙa ɗaure gemun da zare."

Shekara ashirin ke nan ina koyar da wasan kwaikwayo, kuma na gode wa Allah da wannan aiki. Ina lissafa wa ɗalibaina abubuwa biyar ɗin nan da yatsu, ina koya musu bango na huɗu yadda aka koya mini. Amma ban taɓa hana 'yan kallo amsa sallama ba. Mahaifina ya rasu shekara shida da suka wuce, Allah Ya jiƙansa. Har yau in na isa ƙofar zaurensa nakan yi sallama, in ɗan tsaya, kafin in shiga.