Ludduna huɗu a bakin masussuka

Wata Laraba ce da la'asar, bayan girbi, shekarar da nike CM1, aji biyar na firamare, a ƙauyenmu kusa da Barmu. Babu karatun lakwal da marece ran nan, sai na bi Inna masussuka, riƙe da wani abu da munka haɗa a kilas: ludduna huɗu ɗaure a kara biyu gicciye, wayar keke ta ratsa tsakiya ta shige bututun biron bik. Malaminmu, da muke ce ma Mushe, ya ce sunanshi anémomètre, yana gwada gudun iska, mu kam ɗan juyi muke ce mishi. Ludayi guda mun shafa mishi gawayi don a gane zagayenshi. Ni anka ba ajiya wannan sati, ina ta yanga da shi kamar na samu sabuwar waya.

Damana ba ta yi ba shekaran nan, ruwa ya ɗauke da wuri. Baba kullum bayan girbi yake tahiya Abijan ci-rani ya komo kafin shuka, amma ya yi mini alkawali in hatsi ya kai mu, bana zai zamna. Dami guda ya ce a sussuke a gani. Motar masu tahiya kuwa ranar kasuwa take tashi.

Inna ta gama sussuka, ta ɗaga ƙwarya sama da kanta ta fara shiƙa. Na san yadda abin yake, tun ina goye nike gani: hatsi ya sauko tsaye cikin ƙwaryar ƙasa da ƙara shaaa, ƙaiƙayi ya bi iska. Ran nan babu wannan ƙarar. Kusan duka sai ya karkace ya tahi gefe, kaji suna bi.

Nan na tuno darasin Mushe. Ya hau tebur ya saki dutse da guntun alli, sunka dira tare, mu duka munka yi shewa. Ya saki takarda, ta tsaya lilo, ya dunƙule ta, ta faɗi tim. Ya ce komi tare yake faɗuwa, iska ce kawai take raba su. Na dubi ɗan juyi, yana gudu har baƙin ludayin bai ganuwa. Na ce ma Inna ta tsaya, iska ce ta yi yawa, ita ke sace muna hatsi, mu jira ta lafa.

Ta dube ni, ta aje ƙwarya, ta zamna. Baba ma ya zo ya tsuguna, yana wasa da zangarniya guda a hannu. Haka munka zuba ma ludduna ido mu uku, har sunka koma juyi a hankali kamar tsohuwa na tuƙa tuwo. Na ce yanzu. Na kwaso wanda ya watse, na mayar cikin ƙwarya. Inna ta sake ɗagawa. Ya sake tahiya gefe.

Baba ya murje zangarniyar a tahin hannunshi, ya hura, ya nuna mini ɗan abin da ya rage. Sunan uwarshi gare ni, don haka ya ce, "Uwata, na'urarki ba ta yi ƙarya ba. Hatsin ne babu nauyi."

Ashe tun da ya ɗaga damin a gona ya sani. Inna ma ta sani. Ni sunka jira in gani da kaina.

Ban yi kuka ba ranar kasuwa. Na tsaya da ɗan juyi a hannu, mota ta tashi da Baba, iskarta ta juya shi kaɗan ya tsaya. Na mayar ma Mushe abinshi, ban ƙara neman ajiya ba.

Jiya sakamakon bak, jarabawar gama sakandare, ya hito nan Tawa, na ci, kuma fizik ce ta ɗaga ni. Wallahi har rawa na yi bakin lise, makarantarmu, wayata ta kusa kamawa da wuta, ƴan kilas sai "kin fasa, babbar yarinya" suke turowa. Baba ya aiko vokal, saƙon murya, daga Abijan, bai sake noma ba tun shekaran nan, ƙanenshi ke riƙe da gonar. Na saurara sau da yawa. Bayan muryarshi ana jin iska tana bugun waya, na kama kaina ina auna ƙarfinta.

Yanzu na iya lissafin faɗuwar komi a takarda. Wannan zaman namu mu uku ne har yau ban san nauyinshi ba.